Masu Kitsona Suna Cinye Wayfan Baba Rwang

Anti Hosana, don Allah ki taimake ni kafin Lahadi ta zagayo, domin na kasa zaune na kasa tsaye. Jiya sai da na tsefe wa wata mata rabin kai na sake kamawa, saboda tsagar ta karkace, ni da ake yi wa layi a unguwa. Hankalina yana kan wata ƴar na'ura mai ƙaho biyu da ke rataye a tagar maƙwabcina.

Ni mai kitso da lalle ce a Kwararafa. Katanga ɗaya ta raba mu da Baba Rwang, tsohon malamin makaranta da matarsa ta rasu. Ɗansa Charles, kafin ya tafi karatu ƙasar waje, ya sa masa rauta, wato na'urar da ke raba wayfai, intanet marar igiya, a gida, don su riƙa ganin juna a waya. Da yake Baba ba ya son latse-latse, ni Charles ya bar wa lambar shiga cikinta, ya ce in riƙa lura, mu ma mu yi amfani. Amana ce ya ba ni, na sani.

To Anti, kin san kitso. Mace za ta zauna tun hantsi har la'asar, kanta a cinyata, wuyanta ya ƙage. Da ta gaisa sai ta tambayi faswod. Ta yaya zan ba mutum ruwa da tabarma, in hana shi faswod? Na ba ɗaya, na ba biyu. Su kuma suka ba ƙannensu. Yanzu har masu keke na fakawa a gindin katangarmu da yamma, wai suna hutawa, kowa ya sunkuyar da kai a waya kamar masu tsintar shinkafa. Na taɓa canza faswod ɗin, kafin sati ya ƙare ya sake zaga unguwa, domin bakina ba ya iya cewa a'a.

Ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Ranar Lahadi nake da cinkoso, ƴan makaranta da ma'aikata duk suna son shiga Litinin da sabon kai. A ranar ce kuma Baba Rwang yake dawowa daga coci, ya ƙi cire kwat ɗinsa, ya zauna a baranda ya kira Charles. Ina jiyo shi ta katanga yana ta kiran sunan yaron, hoton ya daskare, kiran ya yanke, alhali mata biyar a tsakar gidana suna kallon fim. Lahadin da ta wuce ya miƙo mini dankalin gonarsa ta saman katanga, yake gaya mini cewa ya lura Charles ya gaji da hirar tsoho, shi ya sa yake katsewa, don haka ba zai ƙara kira ya takura masa ba. Na karɓi dankalin nan na yi godiya. Ban gaya masa cewa mu ne ke cinye wayfan ba. Kunya ta hana ni, da kuma tsoron kada ya janye wayfan, matan su koma wajen wata mai kitso da ke bakin titi.

Sai na shiga bincike. Na gano cewa manhajar da kamfani ya zuba a cikin rautar ba ta iya ware baƙi daban, amma akwai wasu manhajoji na kyauta da masana suka haɗa, waɗanda ake cire ta kamfani a zuba su. Da su, wai zan buɗe wa masu zuwa kitso layinsu, in auna musu kaɗan, in bar wa Baba hanya a buɗe. Ikemefuna mai gyaran waya a Laranto ya ce OpenWrt ce gaba da kowa. Ƙanena Mahdi ya rantse DD-WRT ta fi sauƙi, shi da ko fitila bai taɓa gyarawa ba. Wani a intanet kuma ya ce FreshTomato. Kullum ina sauke wannan ina goge wancan, ina kallon bidiyo hannuna da man kitso. Kowannensu kuma sai ya ƙare da gargaɗin cewa in aka kuskure na'urar za ta mutu murus. Ga wutar garin nan, da hadari ya haɗu sai a ɗauke.

Niyyata in karɓo rautar ranar Asabar in ce zan share mata ƙura, in yi mata filashin, wato sauya manhajar, a ɗakina, in mayar, Baba bai san komai ba. Wacce zan zuba, Anti? Kuma don Allah kada ki ce in daina ba masu kitso faswod, kin san ba zan iya ba.

Taki, Mai Tsaga a Karkace, Kwararafa, Jos.

AMSA

Ƴar'uwa Mai Tsaga, sannu da ɗawainiya. Na ji daɗi da kika damu da dattijon nan, kuma ban ga laifinki a son riƙe masu kitsonki ba, sana'arki ce abincinki. Tunaninki na ware wa baƙi layi daban ma daidai ne. Amma shirin Asabar ɗin nan, ki ajiye shi.

Bari mu fara da tambayarki. Ba Ikemefuna ko Mahdi ne za su zaɓa miki manhaja ba, na'urar ce da kanta. A ƙarƙashinta akwai takarda mai ɗauke da sunan samfurinta da lambar zubinta, domin rauta biyu kan yi kama kamar tagwaye alhali kayan cikinsu daban. Wannan lambar ake nema a jerin na'urorin da kowace manhaja ta amince da su, a shafinta na asali. In babu ita a jerin, magana ta ƙare. FreshTomato ƴan na'urori kaɗan take karɓa. DD-WRT mutane da yawa sun fi gane fuskarta. OpenWrt ta fi yawan na'urori, ana sabunta ta a kai a kai, kuma ta iya raba layi yadda mai kallon fim ba zai danne mai kiran bidiyo ba, sai dai tana son rauta mai wadataccen wurin ajiya. Sannan in rautar Baba irin mai cin layin waya ce, sau da yawa ɓangaren layin ne ke daina aiki bayan an sauya manhaja. Garantin kamfani ma yakan tafi.

Yanzu ki auna. In filashin ya ɓaci ranar Asabar, Baba zai wayi gari Lahadi babu kira ko mai yankewa, ke kuma kina riƙe da gawar kayan ɗansa, da ƙaryar share ƙura a bakinki. Ba kayanki ba ne, kuma lambar da Charles ya ba ki ta lura ce.

Ga hanya mafi sauƙi. Ki nemi rauta taki ta kanki, ko ta hannu ce, amma ki duba jerin OpenWrt kafin ki saya, ba bayan kin saya ba. A kanta za ki koya. Ki haɗa ta da kwamfuta ta igiyar kebul, ba ta wayfai ba, ki adana manhajar kamfani ta asali, kuma ki jona ta a inbata ko wani abu mai batir, kada ki dogara da wutar gari. In ta mutu, taki ce ta mutu. In ta tashi, da izinin Baba a ja waya daga tasa zuwa taki, ki auna wa masu kitso rabonsu, ki ba su faswod ɗin wannan da fara'arki. Ta Baba kuwa a canza mata faswod, ya zama shi da Charles kaɗai suka sani. Ke ma kada a gaya miki, tunda kin san bakinki.

Wannan aikin zai ɗauki lokaci, Lahadi kuwa ba za ta jira ki ba. Saboda haka yau, kafin ki taɓa kan kowa, ki zagaya ta ƙofa, ba ta saman katanga ba, ki zauna ki gaya wa Baba Rwang gaskiya. Zai iya ɓata rai, zai iya janye wayfan na ɗan lokaci, kuma yana da hakkin yin haka. Ki tura wa Charles saƙo shi ma. Ranar Lahadi kuma, da kin ji Baba ya dawo daga coci, ki roƙi matan su kashe wayfai har ya gama. Ki faɗa musu dalili. Mata ne masu iyaye, wasu da ƴaƴa a nesa, ba na jin akwai wadda za ta tashi da rabin kitso saboda wannan.

Duk manhajar da kika zuba, iyakarta ta gyara layi. Dattijon nan kuwa yana zaune da zaton ɗansa ya gaji da shi, kuma a duk Kwararafa ke kaɗai kika san ba haka ba ne. Ki je ki gaya masa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya miƙe miki tsaga, ya sa Baba ya ga fuskar ɗansa tana motsi ranar Lahadi.

Anti Hosana