Ƙafar Shagwaɓa

Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan Baba? Mu nan lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Sau uku kina tambayata abin da ya sa Baba ya tattara kayansa ya koma wurinki ba sallama, ni kuma ina ta kwana-kwana a waya. To ga gaskiyar.

Kin san goɗiyar nan ta bargar da nake aiki, Shagwaɓa, wadda aka haifa a hannun Baba kafin ya bar mini aikin. In tana gudu, ƙafarta ɗaya takan gogi ɗayar. Sai mai bargar ya sayo mata takalman kariya, irin waɗanda ake naɗa wa doki a ƙwauri. Na ce daga yau da su za a riƙa sakinta fili. Baba ya ce a'a: in hawanta za a yi, a ɗaura, amma in kiwo za ta, a bar ƙafa ta sha iska, don zafi na taruwa a ciki, yashi kuma na shiga. Na ce to wayar shinge fa, da harbin sauran dawaki? Ya ce a gyara shingen, a raba ta da masu harbi.

Yaya, a gaban mai barga da mai gyaran kofato na ce masa yanzu ni ke da aikin, shi taya ni hira ya zo. Har da dariyata. Ya rataye linzamin da ke hannunsa a ƙusa, ya wanke hannu a bokiti, ya fita.

Kada ki ce masa na rubuto. Ki gai da yara.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yau ba labari mai daɗi na kawo ba.

An yi ruwa kwana biyu, filin ya zama taɓo. Shekaranjiya da safe na ga Shagwaɓa tsaye a bakin shinge, ta ɗage ƙafar gaba ta hagu, ta ƙi zuwa ko da ta ji ƙarar bokitin abinci. Da na kwance takalmin, wari ya buge ni. Wata 'yar tsakuwa ce ta maƙale a ciki, ta ci fatar har ta yi rami, ƙafar ta kumbura suntum. Likitan dabbobi ya ce ciwon ya kai jijiya. Ya tambaye ni yaushe rabona da cire takalman. Na buɗe baki zan yi ƙarya, na kasa. Kwana huɗu ke nan suna ƙafarta, dare da rana.

Ba takalman ne suka cuce ta ba, Yaya, ni ne. Tun muna yara kin san Baba ba ya sakin doki sai ya durƙusa ya shafa ƙafafu huɗun nan, safe da yamma. Ni daga ranar da na fara ɗaura su na daina durƙusawa. In na hango su a ƙafarta sai in ce ai a tsare take.

Kin ce Baba ya ga waccan wasiƙar a kan tebur ya karanta. Wannan ki miƙa masa da hannunki.

Ƙaninki,
Auta

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina fata jikin da sauƙi, Allah ya ƙara lafiya.

Yaya ta ce da ka gama karantawa, abu ɗaya ka tambaya: wace ƙafar ce. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Saƙonka ya iso, kuma na bi: ruwan sanyi sau uku a rana, shimfiɗa busasshiya, tafiya kaɗan-kaɗan a riƙe da igiya. Mako shida ke nan. Ramin ya cike, amma ɗingishin likita ya ce ya zauna. Ba za a ƙara hawanta ba.

Maganar da na faɗa maka a gaban mutane, ba ranar da ba ta dawo mini. Ba ni da hujja. Ka yafe mini, Baba.

Mai barga zai kai ta wata gona mai nisa ta riƙa haihuwa. Jiya mun gwada shigar da ita motar dawaki don ta saba. Mu uku muka yi ta fama, ta kafe a bakin ƙofa tana rawar jiki. Mai gyaran kofato ya ce a rufe mata ido a tura ta da ƙarfi. Na hana. Na ce akwai mutum ɗaya da za ta bi ko babu igiya.

In ba ka son ganina, zan tsaya a ɗakin sirdi har ku gama. Motar za ta zo ranar Asabar, ƙarfe tara na safe.

Ɗanka,
Auta