Goruna Biyu a Ƙarƙashin Taguwa

Filinge, ranar Lahadi, tsakiyar damina

Zuwa ga jikana Kailu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan tafiyarka. Yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, gero ya kai gwiwa. Kakarka Laraba na gaida mijinta da ya gudu ya bar ta da tsoho.

Tun bara nake jin wai Turawa sun ɗinka wata riga, in mutum ya sa ta sai ruwa ya ɗauke shi kamar ganye. Na ce zancen kasuwa ne. Sai ga takardarka, wai can wurin gasar ninƙaya ta duniya har gardama ake a kanta, an kuma ba ka aron guda, kana tambayata ko sa ta sata ce.

Abokina, ka rasa wanda za ka tambaya sai ni?

Ka tashi kana jin cewa kakanka ne ya riga abokin takararsa Ibrah ƙetare tabkin Bonkuku shekarar babban ruwa. Har yau in na lumshe ido ina ganin ranar. Ruwa shimfiɗe har gindin dutse, gajimare na kiwo a cikinsa, shanun Fulani na ratsawa, ƙahoni kaɗai ake gani. Ni kuwa ina ta lulawa kamar wanda aka goya. To, goyon aka yi. Ƙananan goruna biyu na ɗaura a ciki, na rufe da taguwa. Ibrah da hannuwansa kawai ya shiga. Shekara hamsin ana yi mini kirari, bai taɓa sauka cikin zuciyata ba.

Ga amsata. In rigar a fili take, alƙalai sun yarda, na kusa da kai ma yana ganinta, sa abarka. In sai ka ɓoye, tuɓe ta ka zo na ƙarshe, ba wanda zai kore ka daga gidan nan.

Ni ma zan je Bonkuku jibi in faɗi tawa gaskiyar. Don wanda ya ba ni labarin rigar na ƙarshe, yau a kasuwa, Ibrah ne. Idonsa ya tafi, amma ya gane muryata. Ya ce shi a ganinsa goruna suka ɗinke a ciki. Ya yi ta dariya, bai kuma saki hannuna ba.

Allah ya maido mana kai lafiya.

Kakanka,
Baushe