Lallen Da Ban Sa Wa Umma Ba

Jarwal, Makka
7 ga Zulƙida, 1369

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi, aikin shago kuma yana tafiya daidai. Kada ka yi mamakin wasiƙa daga wadda kuke gida ɗaya. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ka kira, ni ma na kasa ɗaga ido in dube ka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na jawo aka ga hannun Umma.

Ka san kowace Alhamis ni nake sa mata lalle a wuyan hannu, ya rufe jarfar gicciyen nan. Alhamis ɗin bikin gidan su Sa'adatu maƙwabtanmu, ta kira ni har sau uku. Ina kan soro da littafin soyayya na Masar da na aro, wai sai na ga ko masoyin zai dawo. Na ce mata ina zuwa. Ta gaji, ta ja hannun riga ta tafi. Da aka zo wanke hannu matan unguwa suka gani, aka ce Banasariya ce a Makka. Kai kuma ka kai ta Jidda, ka ce sai magana ta lafa. Wata takwas ke nan, Baba.

In ina sa mata lalle takan ba ni labarin da kakarta ta ba ta a Habasha. Ta ce Nasaran farko ma ɓoye gicciye suke yi, don itace ne da Rumawa suke kashe mutane a kai. Kifi suke zanawa su gane juna. Sai bayan shekara ɗari uku wani sarkin Rum ya ɗaga alamarsu a tuta. A garinsu kuwa akan yi wa yara jarfarsa don in an sace su a san na wane gida ne. Tana da shekara bakwai uwarta ta riƙe mata hannu aka yi. Shekara ba ta zagayo ba aka sace ta, kuma ba wanda ya zo nema.

Ta ce tun da ta karɓi kalmar shahada a gabanka a garin Musawwa ba ta waiwaya ba, amma gicciyen nan, duk duniya abin da ya rage mata na uwarta ke nan. Shi ya sa da aka ce ta ƙone shi da ƙarfe ta ƙi. Ba taurin kai ba ne, wallahi. Ni na ga kukan da take yi a ɗawafi.

Ina kewarta. Shayina ba ya yin irin nata, kai ma kurɓa biyu kake yi ka ajiye. Jiya na shinshina mayafinta, ƙanshin ya fara tafiya.

Kawu Lurwanu zai tafi Jidda ɗauko alhazai ranar Asabar, akwai wuri a gaban motarsa. Ka bi shi ka dawo da Umma, don Allah. In mutane sun tambaya, a nuna musu ni.

Da na yi niyyar in sa wannan cikin aljihun rigarka in gudu. Na fasa. In ka dawo daga la'asar zan miƙa maka da hannuna, in tsaya har ka gama karantawa.

Allah Ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Ramlatu