Matakin da Na'ura ta Tsallake

Malama, a taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban yi boko ba, maƙwabcina ne ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran injinan ɗaga kaya a wani babban sito. Babu littafi, komai a kaina yake. Autata kuwa ta karanci kwamfuta, ita da abokan aikinta suna haɗa wata na'ura mai tsara aiki. Yadda ta yi mini bayani, na'urar kan ɗauki babban aiki ta farfasa shi ƙanana, kowane ƙarami ta sake farfasa shi, kamar rassan bishiya. In rassan suka yi yawa sai ta kintaci wanda zai fi saurin kai ta ƙarshe, ta bi shi, ta watsar da saura. Wata huɗu yarinyar nan tana zuwa duk Asabar, ta zauna a bakin gadona da wayarta, ina zayyana mata yadda ake canza birkin inji, daga kashe wuta har ɗaure ƙusar ƙarshe. Tun rasuwar mahaifiyarta ban ji daɗin zama irin wannan ba.

Ran nan ta zo da murna, wai na'urar ta rage matakaina daga sha tara zuwa sha shida. Da ta karanto mini daga takardar da ta zo da ita, sai na ji babu sauke ƙugiyar ɗaga kaya ƙasa, babu tokare gangar naɗe wayar ƙugiyar da katako kafin a sassauta birki. Wai tunda babu kaya a rataye, ɓata lokaci ne. Malama, gajeriyar hanyar nan na san ta. Ni na taɓa bin ta, muna sauri mu tashi, ƙanena yana tsaye a ƙasa. Ƙugiyar kaɗai ta fi mutum uku nauyi, ta faɗo masa, ya rasu. Aka rubuta haɗari ne, na yi shiru. 'Ya'yana har yau sun ɗauka wayar injin ce ta tsinke.

Maimakon in faɗa mata, sai na yaga takardar, na ce karatunta na banza ne, kada ta ƙara tako mini gida da shi. Ta tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya ta fita. Mako uku ke nan ba ta kira ba, ni ma ban kira ba, ban saba ba. Na ji mako mai zuwa za a ba ma'aikata tsarin su gwada. In na yi magana, da wane ido za ta dube ni?

Tsohon makaniki

Baba, Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sanyaya maka. Kayan da ka ɗauka shekaru kai kaɗai ba ƙarami ba ne, kuma fushinka na gane tushensa.

Amma a yi wa yarinyar adalci. Irin wannan na'ura da abin da aka gaya mata take kintace. Ka ba ta matakai, ka riƙe dalili, sai ta ga mataki marar dalili ta yar da shi. In aka rubuta mata cewa ba a taɓa birki sai ƙugiya na ƙasa kuma an tokare ganga, ba za ta ƙara kallon wancan reshen ba. Ita ma 'yarka ta yi gaggawa, ya kamata ta tambayi abin da ya sa tsohon hannu bai taɓa tsallake wurin ba.

Abu biyu ne a gabanka, kada ka haɗa su. Na farko ba ya jira: yau ɗin nan ka kira ta, ka ce kada a gwada tsarin, ƙugiya marar kaya tana kisa. Ran wani ne, ba a ja masa aji. Na biyu, labarin ƙanenka, ka kira ta gida ka faɗa mata da bakinka in ka samu natsuwa, ka haɗa da ban haƙuri kan takardar. Ba zan ce ba za ta girgiza ba. Sai dai wadda ta yi wata huɗu tana sauraron ka, za ta iya sauraron wannan ma.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya tsare masu aiki a ƙarƙashin ƙugiyar nan.