Jan Zaren da Ka Kulle a Jaka

Ya Chun-kai, fitilar gaɓar tekuna, yayyafin Keelung mai jiƙa ni ina murna, sanyin idona, sarkin taka-tsantsan na duk Taiwan!

Tun da muka dawo daga yawon nan, gangar jikina ce kawai ke Tainan, zuciyata tana can bakin tashar jiragen ruwa ta Keelung. Ka tuna shirwa na shawagi a kan teku, iska na wasa da gashinka, kai kuwa kana karanto mini nauyin kowane jirgi daga wayarka? Ina kallon wuyanka, kana kallon kwantena! Amma wane ne ya riƙa hura mini miyar kaguwa cokali-cokali don kada ta ƙona ni? Wane ne kafaɗarsa ta jiƙe sharkaf a matakalan garin Jiufen, don laima ɗaya ce kuma duk ya karkato mini ita? Wayyo ni Pei-shan, a nan na gama mutuwa a kanka, curin gwaza a bakina!

Sai muka hau haikalin nan na kan tudu, wurin gunkin Tsohon Wata mai haɗa masoya aure. Tsohuwar da ke kula da turare ta miƙo maka jan zare, ta ce, "Samari, jefa shi a aljihu ka manta. Ranar da ya ɓace, ka fara neman wurin biki." Kowa ya san haka. Kai me ka yi, rabin raina? Ka naɗe shi a leda, ka liƙe da salatif, ka cusa a aljihun ciki na jakarka, ka ja zif, sannan kana leƙa shi a kowace tasha kamar mai tsaron jariri! Tsohuwar ta bi ka da kallo, ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, wannan naki sai kin ɗan taya Tsohon da hannu."

Ta yaya zai ɓace? Kai da laimar makarantar firamare har yau tana hannunka! Haka kake yi da maganar da nake jira: ka naɗe ta, ka liƙe, ka ja zif. Ina sonka, ina sonka har haushin kaina nake ji, amma na gaji da jira. Mama kuwa ta fi ni gajiya. Ta gayyato wani likitan haƙori shan shayi ranar Lahadi, an ce yana da gida, kuma ba ya in'ina idan ya ga mace.

To, ka tuna barcin da ka sha a kafaɗata cikin jirgin ƙasa, baki a buɗe, jaka a cinyata? Tashi yanzu ka zuge zif ɗin nan. Kada ka kira ofishin tasha, kada ka koma Keelung cigiya, na san halinka. Ya ɓace, masoyi. Ya ɓace ɓat! Abin da ke ɗaure a wuyan hannuna kuma ba ruwanka da shi.

Ka zo ranar Asabar da kek ɗin abarba, Mama na son mai tsami. Na yi aikin Tsohon Wata, na yi nawa. Naka kaɗai ya rage, kuma bai fi buɗe baki ba.

Taka har teku ta ƙafe, ɓarauniyarka ta har abada,
Pei-shan