Da hannuna na murza gashin ɗiyata, na bari aka ce aljanu ne

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, a kuma yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mai niyyar zagina ya dakata ya ji ƙarshe, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina aure a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Ina da ɗiya 'yar shekara bakwai, bari in kira ta Nana. Tun tana ƙarama kanta ba ya shiri da mataji. Gashin ga cika ga tauri, ranar kitso sai mutum biyu sun danne ta, ta yi kuka har murya ta dishe, bayan kwana uku ƙuraje su feso a ƙeya, gashin goshi kuma yana ta zubewa. Bara na je suna Maraɗi wurin ƙanwata, ta nuna mini a waya yadda ake yin dada: a raba gashi ƙanana-ƙanana, a murza kowane a tafin hannu, a daina tajewa har ya kama kansa. Na ce wannan ba na 'yan ƙwallo ba ne? Ta ce, "Yaya, gashi gashi ne, ke dai ki tsabtace shi."

Da na dawo na gwada. Duk mako biyu in wanke da sabulun salo, in zaunar da ita a rana bayan rumbu har ya bushe sarai don kada ya yi wari, in shafa man kaɗe kaɗan, in murza gindin, in raba waɗanda ke son haɗewa. Ba kuka, ba ƙurji, har gyangyaɗi take yi a cinyata. In ɗaura mata kallabi, in ce kada ta faɗa wa kowa.

Ranar da muke sussukar gero kallabin ya zame a gaban Inna, uwar mijina. Ta ce, "Wa yay yi ma jikata kan 'yan tasha?" Matan gida duk suka tsayar da taɓare suna kallona. Shekara goma sha ɗaya da aurena ban taɓa ɓata wa Inna rai ba. Sai na ji bakina ya ce, "Haka nig gan shi, Inna, shi kaɗai ya tashi." Ta dafe ƙirji ta ce, "To mutanen ɓoye ne sunka kitsa shi. Kada wanda ya kai mai aska!" Kunyar da ta fi ci mini rai ita ce, a lokacin daɗi na ji. Na ce ko ba komai gashin ya tsira.

Ashe ɗiyata ce ba ta tsira ba. A Islamiyya yara sun daina zama tabarma ɗaya da ita. Maƙwabciyarmu ta janye 'yarta daga kwanon da suke ci tare. Ko zazzaɓin sauro Nana ta yi sai a ce su ne suka motsa. Babanta kullum yana mata tofi, Inna tana turara ta, ta juyo ta ce mini, "Sannu ɗiyata, Allah shi ba ki ladan wagga jarrabawa," har ta dama mini fura. Da wane maƙogwaro za ni sha?

Tsoro ya sa na daina taɓa gashin, sai ya fara cuɗewa da gaske, Inna ta ce kun gani, ƙarfi suke ƙarawa. Shekaranjiya na kasa daurewa, na kira Nana bayan rumbu da man kaɗe a hannuna. Ta ja da baya ta rufe kanta da hannu biyu. Ta ce, "Mama, bari, kada su ji haushi." Na ce su wa? Ba ni ce nake yi miki ba? Ta ce, "To mi ya sa da Inna tac ce su ne kika yi shiru? Ko ke ma su ne ke sa ki?" Man ya narke a hannuna.

Yanzu Inna ta ware akuyarta don kuɗin magani, ta yi magana da mai babur. Ranar kasuwar Bafarawa za ta kai Nana wurin wani mai magani, an ce yakan riƙe yaro kwanaki yana masa hayaƙi. Kun kuma san halin da hanyoyin dajinmu suke ciki. Duk don ciwon da babu shi.

In na faɗi gaskiya, na mayar da Inna abin dariya a garin da ta bi gida-gida tana neman addu'a, kuma ban san da wane ido mijina zai sake kallona ba. In na aske, sai a ce na tsokano aljanun. In na yi shiru, za a ɗora ɗiyata a babur tana ganin akwai wasu zaune a kanta. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakin Inna, sai in gaishe ta kawai in dawo.

Saura kwana huɗu kasuwa. Don girman Allah, mi za ni yi?