Burtsatsen Surko

Litinin, 14 ga Fabrairu, 1977
An naɗa ni sakataren kwamitin aikin ruwa na Birnin Kudu da Gwaram. Ni, Abdulsalami malamin gona. Rijiyoyin burtsatse goma sha biyu za a haƙa, wata ƙungiya daga Turai ce ta kawo aikin. An karanta mana tsarin: kwamiti ya zaɓi ƙauyuka, manaja ya auna ƙasa ya nuna inda za a haƙa, Baturen ƙungiyar ya zo duk wata biyu ya duba kowa. Ciyaman namu Alhaji Maikuɗi ne, kansila. Manajan kuwa Injiniya Ƙasimu Datti, ɗan Gwaram. Ba ya dariya. Da na gaishe shi taswira yake kallo.

Alhamis, 24 ga Fabrairu
Mun zaɓi ƙauyuka. Surko ce ta huɗu, da hannuna na rubuta. Na aika wa yayata A'i, da ke aure a can, albishir. Ita da 'ya'yanta biyu kurkunu ya kwantar da su tun kaka, daga ruwan kududdufin nan da suke sha.

Asabar, 5 ga Maris
Jerin ya dawo daga ofishin manaja. An ja jan layi a kan Surko, an rubuta Farin Dutse. Farin Dutse fa, ƙasar Gwaram. Na tambaye shi dalili, ya ce ya rubuta wa ciyaman, hurumin ciyaman ne ya kawo wa kwamiti. Iyakarta ke nan. Ko kujera bai nuna mini ba.

Talata, 15 ga Maris
Alhaji Maikuɗi ya tsayar da motarsa ya ɗauke ni a hanya. Na tambaye shi takardar manaja, ya ce Turanci ne kawai da lambobi, babu komai a ciki. Sai ya rage murya ya ce, "Malam Abdu, ka san ina mahaifiyar yaron nan take?" Wai Farin Dutse. Ya ce shi girma ya hana shi kai ƙara, amma sakatare yana da ikon rubuta wa Kano.
Na lura direban manaja yana sauke buhun shinkafa daga Landiroba. Daga ina?

Laraba, 16 ga Maris
Na rubuta. Ƙarar manaja zuwa Kano, shafi biyu. Har buhun na sa.

Juma'a, 25 ga Maris
Na je Surko bayan masallaci. Ƙafar A'i ta kumbura, tana naɗe zaren kurkunun a tsinke, kullum ɗan kaɗan. Mijinta Ɗan'azumi ya ce ai sun ga manajan sau uku da na'urarsa, yana ta zagaya gefen fadama, wajen garkar Alhaji Maikuɗi. Na ce yawon rufa ido ne.
Turai, matata, ta ce sau uku ai ya yi yawa a rufa ido. Na ce ta bar maganar ofis.

Talata, 12 ga Afrilu
Amsa ta zo daga Kano. An dakatar da Ƙasimu sai an yi bincike, an mayar da Surko cikin jeri. Ya kwashe takardunsa da hantsi. Ya tsaya a ƙofata, na ɗauka faɗa zai yi, sai ya ce, "Malam, duk wanda ya zo, kada ku bari a haƙa a tsakiyar gari." Barazana ce ko me?
Alhaji ya ce a tsakiyar Surko, ƙofar gidan dagaci, za a haƙa, kowa ya gani.

Alhamis, 21 ga Afrilu
Kwana bakwai injin haƙa yana ruri a Surko. Farin gari kawai yake fitarwa, kamar na niƙa. Mata na zuwa da tuluna su zauna a gindin tsamiya, su koma.

Lahadi, 24 ga Afrilu
Dutse. An naɗe bututu.

Laraba, 27 ga Afrilu
Bature ya zo, wani dogo mai jin Hausa sama-sama. Ya nemi ganin bayanin taronmu, ya yi ta juya shafuka, sai ya tambaye ni ina muka tattauna wasiƙar manaja ta uku ga Maris. Na ce ba a kawo mana ba. Ya ciro kwafi daga jakarsa ya miƙo mini.
Turancin ba wuya. Tsakiyar Surko dutse ne. Ruwa yana gefen fadama, cikin garkar ciyaman, taku goma sha biyar kawai ake bukata. Manaja ya roƙi ciyaman sau biyu, ya ƙi. Don kada injin ya zauna banza a tafi Farin Dutse tukuna, Surko ta koma ta ƙarshe, kafin nan kwamiti ya shawo kan maganar filin. Ba cire ta ya yi ba.
Bature ya ce dokarsu rami ɗaya ga kowane ƙauye. Surko ta ci nata. Sai dai in kwamiti ya rubuta cewa laifin na kwamitin ne, ba na ƙasar ba, sai su sake dubawa.

Alhamis, 28 ga Afrilu
Duk da haka me ya hana Ƙasimu buɗe baki ya gaya mini? Sai hurumi, hurumi. Girman kai ne. Shinkafar ma wai ta ma'aikatan haƙa ce, direban ya ce. Wa ya sani.
Ban je Surko ba. Da wane ido.

Talata, 3 ga Mayu
Alhaji ya aiko a kira ni shagonsa. Yana so bayanin taron gobe ya ce an haƙa a Surko, Allah bai nufa ba. Ya tuna mini cewa sunana ne a ƙarƙashin takardar da ta je Kano, ba nasa ba. Da murmushi ya faɗa. Har ya sa aka kawo mini lemo.

Laraba, 4 ga Mayu
An yi taro. Da aka zo kan wasiƙu na miƙe na karanta ta manaja, na fassara da Hausa layi-layi. Aikin sakatare ne karanta wasiƙu, ba wani abu ba. Liman Salihu, ɗan kwamiti, ya tambayi ko kwamiti ya taɓa ganinta, na ce a'a. Ya tambayi wa ya kai ƙarar manaja. Na ce ni ne. Alhaji ya naɗe rigarsa ya fita kafin addu'a. Mutum shida cikin takwas sun sa hannu a takardar da Bature ya nema. Filin dai har yanzu ba a bayar ba.
Ba na cewa Ƙasimu yana da daɗin zama. Ba shi da shi. Gobe ina da aikin rabon iri a Gwaram, tun tuni aka sa. An ce gidansu yana bayan asibiti, a kan hanyata ne. In na ga ƙofar a buɗe zan yi sallama.